Tubalin Bazara da Kuɗin Furoje

Ku aje takardun nan tukuna, ku zamna. Kai mai jar hula, daina kaɗa mini atestasiyo, takardar shaidar nan taka, a fuska, na gan ta. Sati uku kunka yi ana koya muku gini ba icce nan Dogon Dutsi, an ba ku abinci, an ba ku kuɗin mota, an ɗauke ku hoto riƙe da cokalin gini, yau kun zo wai Baba Arzika shi sa hannu ga dosiyenku na neman aiki ku je ku amshi aikin furoje, shirin taimakon nan na Turawa. Kun ji an ce sabon kuɗi ya shigo, wai Turawa na biyan lada ga duk ɗakin da anka rufe ba azara ba kwano, saboda iccen da ba a sare ba da hayaƙin siminti da ba a tayar ba. To, ni ma kunne gare ni, na ji. Amma hannun ga nawa ba shi hawa takardar kowa sai kun ji abin da irin kuɗin nan ya taɓa sa ni na yi.

Ɗakin farko da na yi aiki a kai na wani mai goro ne a Tibiri, ina hannun maigidana Tankari, Allah shi jiƙan shi. Tankari tsohon magini ne tun zamanin da azarar giginya ke da araha. Da icce ya yi wuya, har mutum shi gama bango shi shekara ba rufi, sai ya tafi da furfurarshi ya zamna cikin yara ya koyi rufin baka. Gaskiya ɗaya ce, furoje ne ya kawo mana sana'ar ga, ba ni ɓoye wannan. Amma Tankari shekara biyu ya riƙe ni ban aza tubali ko guda ga rufi ba. Aikina kwaɓa. In sheƙa ruwa, in zuba ƙaiƙayin hatsi da kashin jaki, in taka har faso shi tsattsage mini dunduniya, in rufe ta kwana uku ta ruɓa. Ba shi tambayarka ko ta yi. Curi shi ke ɗauka shi maka ga bango. In ya manne, ka sha. In ya sulalo, ko kallonka ba shi yi, kai da kanka za ka koma rami.

Kayan aikinshi duka jakar fatar akuya guda ke ɗauke da su: igiya, ƙusoshi, cokali, ɗan gatarin sassaƙar tubali, da dalma mai zare ta duba miƙewar bango. Ku kuwa an raba muku akwati cike, har da hular kwano. Hular kwano! To ku saurara, rufin baka ba abin da ke tare shi daga ƙasa. Bangon ƙarshe kake tayarwa, ka zana baka a jikinshi, ka jingina tubalin fari a karkace, na biyu shi jingina ga na fari, haka har ka fita ɗaya gefen. Ka shafa laka, ka mara tubali, ka sake hannunka. In ƙasar na da danƙo ya zamna, in ba ta da shi, babban yatsanka na ƙafa shi za shi ba ka labari. Kowace tsaga ta waje sai ka cusa mata tsingaro. Kuma kafin tubali shi hau sama, Tankari kan zaro guda daga tsakiyar jibgi, shi ɗaga shi daidai ƙirji shi sake. Wanda ya rabu biyu an yafe mishi. Wanda ya zama gari, jibgin duka ya koma rami, ko mai ɗaki na kuka.

Ɗakin da na fi alfahari da shi, wata mai ƙosai ta sa na yi mata wajen Lugu, da kuɗin adashi. Da ta kwashi na fari ta buga tubali da sanyi. Da ta kwashi na biyu munka ta da bango. Sai da wata kaka ta zagayo munka rufe. Haka na yi wa wani malamin coci nan bayan dutse, haka 'yan ci-rani masu aiko da kuɗi daga Legas kaɗan-kaɗan. Kuɗin talaka a hankali shi ke zuwa, ƙasa kuma haka take so. Ɗakunan nan duk suna tsaye, ku je ku gani, da bazara mutum shi shiga shi ji kamar cikin randa. Kuɗin furoje fa? Shi daga ƙetaren teku ya taso, ya kwana Yamai, ya yi wata biyu Doso ana buga mishi hatimi. Kafin shi iso gare ka lokacin aiki ya wuce, kuma da ranar komawarshi a rubuce shi ke zuwa.

Aikin da nike son ku ji, bankin hatsi ne, a wani ƙauye gabas da Sukukutane. Ba ni faɗin sunan garin, abin da sunka sha ya ishe su. Shekarar, damina ta yanke da wuri, rumbuna ko rabi ba su yi ba. Furoje ya ce za shi gina musu ɗakin ajiya shi cika shi da buhunan hatsi, in damina ta yi tsakiya abinci ya ƙare mata su riƙa auna wa gidaje, da kaka a mayar. Hatsin nan shi kaɗai zai hana mutanen garin barin gonakinsu su tafi neman abinci. Shugabar matan wata dattijuwa ce siririya, Inna Gwamma, ba ta da yawan magana. Mai kula da aikin daga ofishin furoje kuwa wani matashi ne mai babur, moto inji mu, Mushe Sale, wato Malam Sale da faransanci. Tun kaka anka yi alkawarin kuɗin. Sai watan uku sunka sauka, rana ta fara cizo.

Ranar da na isa, Mushe Sale ya karanta mana takarda gindin darbejiya. Tubali da ruwa kason gari ne. Ba icce ko sanda guda a rufi, ba kwano, don kuɗin na ceton itatuwa ne. Kuma a rufe a ɗauki hoto kafin ƙarshen watan biyar, in ba haka ba kuɗin gini da na hatsi duka su koma inda sunka fito.

Na ce, "Mushe, ina za a ɗebi ƙasa?"

Nan magana ta tsaya. Garin bisa rairayi shike. Ƙasar gini wuri ɗaya take, bakin tabki gindin wata tsamiya, kuma wurin da mai shi. Akwai tsohon da gidansu ke riƙe da ramin tun kakanni. In ruwan tabki ya ja baya bayan kaka, shi ke zuwa shi yi abin da shi ke yi, shi buɗe, kowa shi buga tubalinshi. In zafi ya kama sai shi ja ƙaya shi rufe, wai aljana Doguwa ta dawo inuwarta, ba mai sa fartanya sai wata shekara. Sati biyu kafin kuɗi su iso ya ja ƙayar. Mushe Sale ya yi dariya. Wasu samari 'yan kasuwa masu wa'azi sunka ce wannan shirka ce, su za su haƙa. Sunka tafi da diga, sunka dawo da bororo a tafin hannu, ƙasar ta zama dutse. Ni musulmi ne, ina sallata, amma ku riƙe wannan: ko da Doguwa ko ba Doguwa, watannin da tsohon nan ke buɗe rami su ne watannin da laka ke da taushi, ruwa na kusa, rana kuma ba ta fasa tubali.

Sai mutanen gari sunka yi abin da mai gaggawa ke yi. Sunka haƙa bayan gari, inda ƙasar ja ce ga ido amma rabinta rairayi. Ruwa daga rijiya mai gaba talatin da wani abu, mata ke ja tun asuba, ga dabbobi na jira, don haka kwaɓar ma da ƙishirwa anka yi ta, ba ruɓa ba komi. Mushe Sale ya zo ya ƙirga tubali ya ce ya cika, ya rubuta kason gari ya kammala. Ni kuwa na zaro guda na ɗaga na sake. Wallahi ko ƙara bai yi ba. Na zaro na biyu, na zaro na uku. Gari.

Na ce, "Mushe, wanga ba tubali ba ne, dambu ne. Ba ni aza shi bisa kan mutane."

Ya ce, "Baba Magini, ai ba mutane za su kwana ciki ba, buhu ne."

Na ce, "To mu ta da bango yanzu, mu rufe da kara da 'yan sanduna damina ta wuce. Da kaka tsoho shi buɗe rami, in yi musu bakan da jikokinsu za su gada."

Ya ce, "Sanda guda ta shiga hoton nan, an soke dosiye. Ba ni na rubuta ba, Baba. Ni ma akwai na sama da ni."

Na ce, "To a ba su hatsinsu su zuba a rumbu, gini shi jira."

Ya ce, "Ba gini, ba hatsi. Tare anka rubuto su."

Kun ji fa! Mutane na kwana da yunwa, an ɗaure abincinsu ga ƙafar iccen da ba wanda ya ma ce za shi sara. Na tattara kayana cikin jaka, na ce a nemo mini amalanken da za shi kai ni bakin hanya.

Inna Gwamma ce ta tare ni bakin rijiya. Ta ce, "Arzika, ɗana, ka ga matan can? Sati uku suna jan ruwa don tubalin ga. Tiya nawa ta rage gidana na sani, gidan kowa na sani. In ka tafi, ba a yin noman fari sai rabin garin ga ya ƙetara Najeriya. Ka yi mana dabara irin taku ta magina. Damina ɗaya kawai shi riƙe mana."

Damina ɗaya. Na tsaya ina kallon hannuwanta, igiyar guga duk ta yanyanke su. Kuma ba ni yi muku ƙarya, pirim, tukuicin da furoje ke ba magini in ya rufe kan lokaci shi ma shina cikin raina, don nawa rumbun bai fi nasu ba. Na aje jaka.

Ban taɓa zuba dabara ga aiki kamar ɗakin nan ba, kuma ban taɓa jin kunyar aiki kamar shi ba. Na sa anka faso suri anka daka don lakar ɗauri. Na ƙara wa bango kauri. Na rage faɗin baka, Mushe ya auna ya ce ya saɓa wa zane, na mayar. Tubali kana sassaƙa shi da gatari shina marmashewa a hannunka. Sau biyu layi ya zubo muna tsakar aiki, munka share da sauri kafin moto shi iso. Ku duba fa, magini na ɓoyon gininshi kamar ɓarawo! Yaɓen sama da ya kamata a yi shi hawa uku, kowane shi bushe kafin na gaba, hawa ɗaya munka yi, don rijiya ta fara ba da laka. Munka kafa indararo, munka rufe saura kwana huɗu wa'adi shi cika.

Ranar buki motocin kat-kat uku sunka zo. An kafa allo mai hoton koren icce, an yi jawabi da faransanci, an ce ginin ga ya ceci itatuwa kaza, an tafa. Wata baƙuwa ta shiga ta fito tana yaba sanyin ɗakin, ta ɗauke ni hoto ina washe baki kamar wawa. Bayan kwana biyu hatsi ya iso, motar kamiyo da ta ɗauko shi ta kafe a rairayi, da amalanke anka ƙarasa da shi. Na ja Mushe gefe na ce, "Don girman Allah, hoto ya samu. A raba buhunan ga cikin rumbunan mutane." Ya ce masu bincike na iya zuwa kowace rana, in ba su iske hatsi cikin banki ba sai a ce an sace. Anka jera buhuna har kusa da baka, anka sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo biyu. Makulli guda ga Inna Gwamma, guda ga wani mutum da anka naɗa ma'aji. Mushe kuma ya faɗa gaban kowa, wanda ya fasa kwaɗo, shi da jandarma.

Na dawo gida. Ruwan fari ya sauka, na shuka ne marar ƙarfi, anka aiko mini cewa ɗaki lafiya lau. Ban yarda ba. Na shiga kasuwa na sayi bash babba, irin wadda ake rufe kaya bisa mota, na hau motar kasuwa zuwa Sukukutane da niyyar in lulluɓe rufin in danne da duwatsu, wanda ya ce na ɓata hoto shi ta shafa. Ina sauka hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Tun azahar ake zubawa har la'asar sakaliya. Kwari ya cika, ba amalanken da ke ƙetarawa. Kwana huɗu ina zamne rumfar wani mai shayi ni da bash ɗina.

Abin da ya faru a garin, daga baya anka ba ni labari. Ruwa na tsakar zuba wata mata ta ga indararo ya daina zubarwa, alhali sama ba ta ɗauke ba. Ta san ruwan ya samu wata hanya. Ta ruga ta kira Inna Gwamma, gari ya taru bakin ƙofa. Inna ta buɗe kwaɗonta. Na biyu fa? Ma'aji ya tafi cin kasuwar Dogon Kiriya da makulli a aljihu. Wani ya ce a kawo gatari, wani ya ce wa za shi amsa gaban jandarma, wani ya ce a jira mai gari. Suna cikin wannan ja-in-ja, suna jin ɗigar ruwa bisa buhu daga ciki, sai bakan ya rufta gaba ɗaya. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Amma abincin damina na gari guda ya koma ƙarƙashin laka, ruwa kuma bai fasa ba. Mata sunka shiga da hannu da ƙorai suna tonowa suna wankewa. Ba ranar shanya, abin da sunka ceto cikin kwana biyu ya yi tsami.

Rahoton da ya fito daga baya cewa ya yi magini bai ƙware ba. Ko kalma ɗaya babu a kan watan da kuɗi sunka iso. Mushe Sale an ɗauke shi an kai wata jiha, furoje ya rufe ya buɗe da wani suna. Ni kuwa shekara huɗu ba wanda ya kira ni ko gyaran katanga. Ƙauyukan yankin, ka ce musu rufin ƙasa sai su nuna maka hanya. Gawon da ke gonakinsu, wanda kakanninsu ba su taɓa sa wa gatari ba, shi sunka dinga sara suna rufi. Kuɗin ceton icce ke nan! Tir. Har yau in na tuna raina ɓaci shi ke.

Don haka kai mai jar hula da ke ta latsa waya, ban ce kar ku amshi kuɗin furoje ba. Ku amsa, ba daga aljihun uban kowa ya fito ba. Amma ku tambayi watan da za shi sauka, ku tambayi ramin da za a ɗebi ƙasa da wanda ke riƙe da shi. Ku tambaya ko akwai na yaɓen baɗi, don ban taɓa ganin furojen da ya tuna da yaɓe ba. In sun ce a rufe kafin wata kaza ko kuɗi su koma, ku bar su su koma, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kuma ke son hannuna ga takardarshi, rami na nan bayan gidana, shi tuɓe takalmi shi fara daga can.

Saura kaɗan, ku bari in ƙarasa. Rana ta biyar na isa garin da bash ɗina bisa kai. Bakin hanya na gamu da amalanke biyu ɗaure da tabarmi da tukwane sun nufi iyaka, ga shuka ta fito tana jiran noma. Tun daga nesa na hango wurin ginin ya yi kore shar. Na ɗauka ciyawa ce. Da na matso sai na ga hatsin ne ya tsiro, ya huda buhuna ya huda laka, awaki sun hau suna ci. Ƙofar ƙarfe na nan tsaye da guntun bango, kwaɗo guda buɗe, guda kulle.

Inna Gwamma na zamne gindin bangon. Na gaishe ta, ta amsa. Na fara cewa Mushe ne, takarda ce, wa'adi ne. Ta bar ni har na gaji.

Ta ce, "Mushe bai san ƙasa ba. Mu ma ba mu san ta ba. Duk wanda ya tsaya wurin ga, kai kaɗai ka sani."

Na ce, "Inna, ke kinka roƙe ni."

Ta ce, "Na roƙe ka. Mai yunwa mi ne ne ba shi roƙo? Da ka ƙi, da mun zage ka, da mun saida awaki tun suna da daraja mun san inda munka dosa. Sai ka ba mu ɗaki, munka saki jiki."

Ta miƙe, ta kwance bakin zanenta, ta ciro makullin ta sa mini a tafin hannu, ta naɗe yatsuna a kai.

"Riƙe, kai ka gina. Mu ba mu da abin kullewa."